Farin garin da ya fi yuriya nitrojin

A watan Yulin 2008, lokacin da manoman Funtua da Bakori da Ƙafur ke fafutukar neman takin zubi na biyu kafin masara ta wuce su, likitoci a lardin Gansu na ƙasar Sin suna fama da wata larura da ba su saba gani ba. Jarirai 16 aka samu da tsakuwa a ƙoda. Tsakuwar ƙoda ciwon manya ce. Jaririn da ko haƙori bai gama fitarwa ba, ina ya samo ta? Da aka bi diddigi sai aka tarar abu ɗaya ya haɗa yaran: dukansu madarar gari ta kamfanin Sanlu ake dama musu.

Abin ɗaure kan shi ne madarar ba ta faɗi gwaji ba. Kamfanonin madara suna auna ɗanyen nonon da ake kawo musu don su kama masu tsarma shi da ruwa, kuma gwajin yana nuna furotin ya cika cif. Nono mai ruwa, furotin cikakke, yara kuma suna kwance ba sa iya fitsari. Akwai wani abu a cikin madarar da gwajin ke gani yana ɗauka abinci ne.

Waɗanda suka gano shi da manyan injuna suka yi aiki, kuma sun riga sun sami haske daga wani abu da ya faru a Amurka a 2007, inda karnuka da kyanwowi suka yi ta mutuwa da ciwon ƙoda bayan sun ci abincin da aka haɗa da garin alkama daga Sin. Mu ba mu da injin. Muna da alƙalami da lissafin da ake koya wa ɗaliban sakandare a darasin kemistiri, wanda yawancinsu ke haddacewa don jarrabawar WAEC su watsar. Da shi za mu bi sawun, kuma sawun farko yana rubuce a jikin buhun da ke kowane shagon taki a Funtua da Malumfashi.

Sai mu fara da gwajin kansa, tunda shi aka yaudara. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Johan Kjeldahl, ya fito da shi a 1883. Ana dafa abinci a cikin asid mai ƙarfi har duk nitrojin ɗin da ke ciki ya fito, a auna shi. Furotin kuwa, ko na wake ne ko na nama, kusan kashi 16 cikin 100 na nauyinsa nitrojin ne. Saboda haka idan ka sami nitrojin sai ka ninka da 6.25, a madara da 6.38, ka rubuta cewa furotin kaza ne. Gwajin bai taɓa ganin furotin da idonsa ba. Nitrojin yake ƙirgawa, sauran zato ne, zaton da ya yi aiki shekara fiye da ɗari saboda an ɗauka mai kawo kaya mutumin kirki ne. Duk wanda ya zuba wani abu mai nitrojin da yawa a nonon da ya tsarma, gwajin zai tsaya masa shaida.

To wane abu ne fari, mai arha, mai nitrojin jingim? Ka tambayi kowane manomi a kasuwar Dandume, kafin ka rufe baki zai ce yuriya. Shi ne wanda ake tuhuma na farko, kuma ya cancanci a bincike shi sosai, don a kansa za mu koyi dabarar.

A jikin buhun yuriya, ko na Indorama ne daga Eleme, ko na Notore daga Onne, ko na Dangote daga Lekki, za ka ga 46. Ba kamfani ne ya zaɓi lambar ba. Idan aka warware tsantsar yuriya mai nauyin giram 100, za a sami kabon giram 20.0, haidurojin 6.7, nitrojin 46.7, oksijin 26.6. Mai gaggawa zai ce ashe nitrojin ya fi kowa yawa a ciki, haidurojin ne ɗan auta. A nauyi haka ne. A ƙidaya kuwa ba haka ba ne, domin ƙwayoyin zarra ba nauyinsu ɗaya ba. Idan zarrar haidurojin tana da nauyi 1, ta kabon 12 ce, ta nitrojin 14, ta oksijin 16. Kafin ka san wa ya fi yawa sai ka raba nauyin kowa da nauyin zarrarsa. Kabon, 20.0 a raba da 12, ya ba da 1.67. Haidurojin ya tsaya a 6.7. Nitrojin, 46.7 a raba da 14, ya ba da 3.33. Oksijin, 26.6 a raba da 16, ya ba da 1.66. Sai ka ɗauki mafi ƙanƙanta ka raba kowa da shi: kabon 1, haidurojin 4, nitrojin 2, oksijin 1. Ɗan autan nan shi ne ya fi kowa yawa a gidan. Fomular ita ce CH₄N₂O.

Ka juya lissafin ka gani. Kabon ɗaya 12, haidurojin huɗu 4, nitrojin biyu 28, oksijin ɗaya 16, jimla 60. Nitrojin 28 cikin 60 shi ne 46.7 cikin 100. Ana rubuta 46 ne saboda ɗan danshi da ɗan abin da ba a rasa ba a masana'anta. Ma'anarsa ga manomi ita ce buhu mai kilo 50 yana ɗauke da nitrojin kilo 23, kuma ba wani kamfani a duniya da zai iya yin yuriya mai 55 ko 60. Wanda ya ce maka tasa ta fi ta kowa ƙarfi, ko dai bai san abin da yake sayarwa ba, ko ya sani sarai.

Yanzu a kawo garin da aka tsamo daga madarar. Tsohuwar hanyar tantance irin wannan abu, wadda Justus von Liebig ya gyara a Jamus wajen 1831, ita ce a ƙone shi ƙurmus a cikin iskar oksijin, a tare hayaƙin. Duk kabon ɗin zai fito a matsayin iskar CO₂, duk haidurojin ya fito a matsayin ruwa, nitrojin kuma a auna shi daban. A ce mun ɗebi giram 1.26 na tsantsar garin. Abin da za mu samu shi ne CO₂ giram 1.32, ruwa giram 0.54, nitrojin giram 0.84.

A cikin CO₂, kabon 12 ne cikin 44, don haka 1.32 yana ɗauke da kabon giram 0.36. A cikin ruwa, haidurojin 2 ne cikin 18, don haka 0.54 yana ɗauke da giram 0.06. A nan ne ɗalibai ke tsallake matakin da ya fi kowane muhimmanci, wato tarawa. Oksijin ba a auna shi kai tsaye a wannan hanya, tunda da shi aka yi ƙonawar. Abin da ya rage bayan an cire sauran shi ne nasa. To 0.36 da 0.06 da 0.84 sun tashi 1.26. Babu ragowa. Garin ba shi da oksijin ko ƙwaya ɗaya.

Da wannan an sallami yuriya, domin fiye da rubu'in nauyinta oksijin ne. Dama an daɗe da sanin hanya mai sauƙi ta kama ta a madara. Abin da ke gabanmu ya ma fi ta: nitrojin 0.84 cikin 1.26 kashi 66.7 ne, wato biyu bisa uku na nauyinsa. Ka ninka da 6.38, za ka ga kilo ɗaya na garin nan yana bayyana a takardar gwaji kamar furotin fiye da kilo 4. Dalilin aikata laifin ya fito fili tun ba mu san sunan mai laifin ba.

Sai mu ƙirga zarra kamar yadda muka yi wa yuriya. Kabon, 0.36 a raba da 12, 0.03. Haidurojin, 0.06. Nitrojin, 0.84 a raba da 14, 0.06. A raba kowa da 0.03: ɗaya, biyu, biyu. CH₂N₂.

A takardar jarrabawa nan ne yaro ke ja layi biyu ya ajiye biro. A bincike kuwa yanzu aka fara, domin abin da ƙonawa ke bayarwa kaso ne kawai, abin da za mu kira ƙaramar fomula. Idan aka ce an dafa garau-garau da shinkafa biyu wake ɗaya, ba a gaya maka ko gwangwani ake nufi a tukunyar gwauro ko buhu ake nufi a gidan biki ba. CH₂N₂ na iya zama ita ce dukan ƙwayar sinadarin, ko kuma ninkinta biyu, ko uku. Kuma dukansu ukun suna nan, ana sayar da su, kowannensu yana da alaƙa da noma.

Na farko sayanamid, CH₂N₂ ɗin kanta, mai nauyi 42. Ana fesa shi a gonakin inabi don ya tayar da toho a wuraren da sanyi bai isa ba. Ɗan'uwansa mai kalsiyam yana cikin takin nitrojin na farko da masana'antu suka haɗa daga iska a farkon ƙarni na 20. Sayanamid yana da guba, yana ƙona fata.

Na biyu ninkinsa biyu, C₂H₄N₄, mai nauyi 84, wanda ake taƙaita sunansa da DCD. Ana zuba shi a taki ko a makiyaya don ya rage saurin da ƙwayoyin cikin ƙasa ke mayar da nitrojin irin wanda ruwan sama ke wankewa. Wannan ma ba baƙon madara ba ne: a Janairun 2013 an sanar da samun ɓurɓushinsa a madarar ƙasar Niyu Zilan, ya bi ta ciyawa ya shiga cikin shanu, har aka dakatar da zuba shi a makiyaya.

Na uku ninki uku, C₃H₆N₆, mai nauyi 126.

Duk ukun farare ne. Ka ƙone su, kabon 28.6, haidurojin 4.8, nitrojin 66.7, babu bambanci ko na ɗigo. Gwajin Kjeldahl ba zai raba su ba, ƙonawar Liebig ba za ta raba su ba. Kama da wane ba ta wane.

Akwai ƙananan shaidu da ke rage tuhuma. Sayanamid yana narkewa da zafin da bai wuce digiri 45 ba, yana shan danshi, kuma gubarsa ba ta jiran watanni. Da shi ne, ba sai an kai ga tsakuwa ba. DCD yana narkewa a wuta wajen digiri 209, kuma ruwa yana ɗaukarsa da dama, jiki yana fitar da shi. Garinmu kuwa sai zafi ya haura digiri 340 yake sallamawa, kuma lita guda ta ruwa da ƙyar take narkar da giram 3. Abin da ruwa ba ya so shi ne abin da ake tsoro a ƙoda. Amma waɗannan alamu ne, hujjar da ke yanke shari'a ita ce nauyin ƙwaya guda. Akwai na'urar da ke sa wa ƙwayoyin sinadari cajin lantarki ta jera su bisa nauyi. Garin cikin madarar yana fitowa a 127, wato 126 da ɗigon haidurojin ɗaya da na'urar ke liƙa masa. A raba 126 da 42, a sami 3. A ninka ƙaramar fomula da 3, cikakkiyar fomula ta fito: C₃H₆N₆.

Sunansa melamin. Da wuya a rasa shi a gidan Bahaushe yau, don da shi ake yin farantan nan da kofuna masu ƙyalli da ba sa saurin fashewa, waɗanda ake jerawa a kayan ɗakin amarya, da fuskar tebur da allon rubutu. A cikin faranti an riga an ɗaure shi da wani sinadari ya zama roba mai tauri, ba shi ne garin da ake magana ba. Liebig ɗin nan dai shi ya fara haɗa shi a 1834. Abin da zai ba manomi mamaki shi ne asalinsa: daga yuriya ake yin sa. Ana gasa ƙwayar yuriya shida, su ba da melamin ɗaya, amoniya shida, CO₂ uku. Oksijin ɗin da muka nema muka rasa, a cikin CO₂ ɗin nan ya fice. Ashe wadda muka sallama ba ta aikata ba, amma ita ta haifi wanda ya aikata.

Sauran labarin kotu ce ta fito da shi. Wasu suna haɗa melamin da garin sitaci su sayar wa masu tara nono da sunan hodar furotin, su kuma su zuba a nonon da suka yi wa ruwa. A cikin ƙodar jariri melamin yana haɗuwa da wani asid da ke cikin fitsari ya daskare ya zama tsakuwa. An janye madarar Sanlu a Satumban 2008, aka kuma sami sinadarin a kayan kamfanoni 22. A wani samfurin Sanlu an auna miligiram 2,563 a kilo ɗaya. Iyakar da hukumar ƙa'idojin abinci ta duniya ta sa daga baya, a 2010, miligiram 1 ce a kilo na madarar jarirai ta gari. Alƙaluman gwamnatin Sin sun ce yara kusan 300,000 abin ya shafa, fiye da 50,000 aka kwantar a asibiti, 6 suka rasu. An yanke wa shugabar kamfanin, Tian Wenhua, ɗaurin rai da rai a Janairun 2009, aka zartar wa mutum biyu hukuncin kisa a Nuwamban shekarar.

Akwai tambayar da na san mai karatu a Malumfashi ya riga ya yi a ransa: abu mai nitrojin 66, me ya hana a zuba wa masara? An gwada. A shekarun 1950 da 1960 an yi tunanin mayar da shi taki, abin bai yi ba. Ya fi yuriya tsada, tunda daga ita ake yin sa, sannan nitrojin ɗinsa a kulle yake. Ƙwayarsa zobe ce ta kabon uku da nitrojin uku, ɗaya bayan ɗaya, wanda ƙwayoyin cikin ƙasa ke daɗewa ba su fasa ba. Yuriya cikin 'yan kwanaki take sakin nata a ƙasa mai danshi. Masarar da ke da wata uku zuwa huɗu a duniya ba za ta jira melamin ba. Yawan nitrojin daban, samuwarsa ga shuka daban.

Ko cikakkiyar fomula ma tana da inda take tsayawa, kuma ba sai an je Sin a ga hakan ba. Audugar da ta gina Funtua, ta kawo mata injin gurza da masaƙa, da sitacin masarar da ake lodawa a tireloli daga Dandume, tubalinsu ɗaya ne, C₆H₁₀O₅, an maimaita shi sau ɗaruruwa ko dubbai. Yadda aka ƙulla tubalan ne kawai ya bambanta, shi ya sa ɗaya ke zama tuwo, ɗaya ke zama riga. Yuriya kanta tana da abokin fomula, wani gishiri da Friedrich Wöhler ya ɗumama a 1828 ya ga ya rikiɗe ya zama yuriya ba tare da an ƙara ko an rage zarra ɗaya ba.

A gani na, babban kuskuren da muke yi a makarantu shi ne koyar da wannan lissafi da sunayen sinadaran da yaro bai taɓa gani ba, alhali ubansa yana ciyo bashi ya sayi misalin ya ajiye a zaure. Jihar Katsina ta fitar da shugaban ƙasa malamin kemistiri, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya yi digirinsa na biyu a fannin tantance sinadarai a Jami'ar Ahmadu Bello, amma ɗalibi zai gama aji shida bai san me 20-10-10 ke nufi ba. Buhun kamfa shi kaɗai ya isa darasin mako guda. Lambar farko nitrojin ce, don haka 20-10-10 na da kilo 10 a buhu, 15-15-15 na da kilo 7.5. Lamba ta biyu ba tsantsar fosforas ba ce, ana lissafa ta ne a matsayin P₂O₅, wanda fosforas ɗin cikinsa bai kai kashi 44 ba. Ita kanta P₂O₅ ƙaramar fomula ce, ainihin ƙwayar P₄O₁₀ ce. Ta uku kuma K₂O ce, fotasiyam kashi 83.

Algus ɗin da ke damun manomin kudancin Katsina ba na melamin ba ne, ya fi shi arha: yashi, gishiri, ko a sake wa takin da bai kai ba buhu. Ka ɗauki amoniyam salfet, taki ne na gaske, fari, amma nitrojin ɗinsa 21 ne, kilo 10.5 a buhu. Idan aka ɗura shi a buhun yuriya, manomin da ke neman kilo 120 na nitrojin a hekta, kamar yadda malaman gona suka saba ba da shawara ga masara a wannan yanki, zai zuba buhu biyar da ɗoriya yana zaton ya gama, alhali ko rabi bai kai ba. Sai ganye ya yi ɗorawa, a ce iri ne ba kyau ko ruwa ne ya wanke.

Wasu gwaje-gwajen ba sa buƙatar ɗakin bincike. Yuriya ta gaskiya tana narkewa tas a ruwa, ba ta barin laka a gindin kofi, kuma kofin yana yin sanyi a hannu. A kan murfin gwangwani mai zafi tana narkewa a digiri 133, ta yi warin amoniya, kusan duka ta tafi. Yashi da gishiri suna nan zaune. Idan aka cuɗa ƙwayoyin da jiƙaƙƙen toka nan take warin amoniya ya bugi hanci, akwai gishirin amoniyam a ciki. Waɗannan suna tona babban algus ne kawai, ba sa ba da adadi.

Adadi sai an auna, kuma tun 2019 Najeriya tana da dokar kula da ingancin taki, wadda ta haramta algus da sayar da buhun da abin cikinsa bai kai abin da aka rubuta ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tana nan Zariya, ba nisa. Ƙungiyoyin manoma na Funtua da Malumfashi da Danja da Bakori, waɗanda ke sayen taki tirela guda, su riƙa ɗibar samfur daga buhuna daban-daban su kai a auna kafin a raba wa mambobi, su ajiye rasit da lambar buhu. In an kai, kada a tsaya ga tambayar nitrojin nawa ne. A nemi a rubuta a takarda wane sinadari ne ke ɗauke da shi.